Lokacin da Waya Ta Riƙe Autanmu

Autanmu malamin gona ne a ƙaramar hukumar Rabah, amma kwanansa a Wurno, a gidanmu na gado, inda aka yanka masa sashe ta wajen rijiya bayan ya yi aure. Ni ce babba a ɗakin Inna, shi ne na ƙarshe, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce na goya shi fiye da yadda Inna ta goya shi. Aure bai kai ni nesa ba. Kusan kullum idan na taso daga makarantar da nake koyarwa sai na biya ta gida in gaida Inna kafin in wuce ɗakina.

Gidanmu gidan malamai ne, limamai da alƙalai tun kakanni. Auta ne ya fita daban. Ya yi karatun allo da na littattafai kamar kowa, amma ransa na ga ƙasa da shuka. Mutum ne mai ci da surutu. Idan ya dawo daga zagayen ƙauyuka, bayan babur ɗinsa ba ya rasa kabewa ko ƙwan zabi, kuma bakinsa ba ya rasa labari. Zai zauna a ƙofar ɗakin Inna yana kwaikwayon yadda wani tsoho ya yi masa gardama a kan sabon irin gero, mu yi ta dariya har Inna ta ce cikinta ya ƙulle.

Cikin manoman da yake hulɗa da su akwai wani da suka shaƙu ƙwarai, mutumin wani ƙauye da ke gabas da Rabah. A gonarsa Auta yake fara gwada kowane sabon iri, kuma a gidansa yake cin abincin rana idan aiki ya kai shi can. Wata rana an daɗe ba a kawo wuta ba, sai Auta ya kai wayarsa wurin masu caji a bakin kasuwa, ya bar ta ta kwana. A wannan yammacin abokin nasa ya aiko masa da saƙon murya, yana cewa sun ga babura da yawa a bakin daji, idan ya san wanda za a gaya wa ya taimaka ya gaya masa. Auta bai karɓo wayar ba sai da safe. Kafin lokacin 'yan bindiga sun riga sun shiga ƙauyen, kuma abokinsa na cikin waɗanda aka yi wa sutura.

Kowa ya gaya masa cewa ko da ya ji saƙon a kan kari babu abin da zai iya yi. Ya amsa da baki cewa haka ne. Amma daga ranar wayar ba ta ƙara barin hannunsa ba.

Da farko mun ɗauka kulawa ce. Ya shiga duk wani zauren waya da ake yaɗa labarin tsaro, na Rabah, na Goronyo, har da na garuruwan da bai taɓa takawa ba. Idan an ce an ga motsi a wani wuri, shi ne zai fara kiran mutane. Sannu a hankali abin ya wuce nan. Idan babu labarin hari sai ya kalli na jiya, idan ya gama ya koma kan dambe, daga dambe zuwa masu barkwanci, daga nan zuwa malamai masu raddi ga juna. Ba dariya yake yi ba, ba kuma fushi ba. Babban yatsansa ne kawai ke ta shafa gilashin yana turawa sama.

Matarsa ce ta same ni a gida wata ranar Asabar, da goyon 'yarsu a bayanta. Yarinya ce mai kunya, ba ta saba kawo ƙara ba, don haka sai da ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta kafin ta yi magana.

"Yaya, ni ban san mi za ni yi ba," in ji ta. "Mutum shina gida amma kamar ba shi nan. In kai mai tuwo, in komo in ishe shi yadda nib bar shi. Ba shi kwana. Ko sallama yay yi daga salla, hannunai aljihu shika tahiya."

Na ce mata zan yi masa magana. Da na je na tarar da shi zaune a kan tabarma, ya rame, wuyansa ya lanƙwashe kamar na tsohon da ya shekara yana ɗinkin hula. 'Yarsa tana koyon tafiya a lokacin. Ta dafa bango ta taho, ta saki, ta yi taku har ta faɗa a kan gwiwarsa. Ya sa hannun hagu ya tare ta ba tare da ya ɗago ido ba. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Mun yi abin da gida irin namu ya sani. Baffa, ƙanin mahaifinmu wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, ya kira shi zaure ya yi masa nasiha mai tsawo. Ina daga soron ciki ina ji.

"Mi ac cikin wagga waya da yaf fi ɗiyakka?" Baffa ya tambaye shi.

"Babu komi, Baffa."

"To mi ka hana ka aje ta?"

"Wallahi ina son in aje. Ban san mi ka hana ni ba."

Baffa ya yi masa rubutu ya sha, aka yi sauka, aka yi sadaka. Bayan nan aka yanke shawarar a karɓe babbar wayar a ba shi ƙarama mai tocila, wadda ba ta yin komai sai kira. Shi da kansa ya miƙa wa Baffa. Abin da ya biyo baya ne ya ba mu tsoro. Zufa ta riƙa karyo masa ko a inuwa. Ya kasa zama wuri ɗaya, daga zaure zuwa rijiya, daga rijiya zuwa ƙofar gida. Ya ce ƙirjinsa kamar an ɗaure da igiya. Ya daka wa matarsa tsawa a kan gishiri, abin da bai taɓa yi ba. Ba a jima ba aka fara ganinsa a teburin mai shayi yana aron wayar samari. Baffa ya ga abin zai zama abin kunya a gari, ya kira shi ya mayar masa da wayarsa.

Bayan damina Auta ya tafi Giyawa neman irin albasa. A hanya wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ya zaro ta yana tuƙi da hannu ɗaya. Wani jaki da aka labta wa kara ya fito daga gona ya ratso hanya. Allah ya taƙaita, jakin ko ƙwarzane bai yi ba, amma Auta ya faɗi a kan hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Mai jakin ne ya ɗauke shi ya kai shi wurin mai ɗori. Daga baya ya gaya mana cewa abin da Auta ya fara tambaya yana kwance a ƙasa shi ne ina wayarsa.

Ƙashi ya haɗe, amma hannun ya sandare, yatsun ba sa dunƙulewa. Aka ce sai an kai shi Sakkwato, sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Matarsa na fama da yarinya, Inna ba ta iya doguwar mota, sai rakiyar ta faɗo kaina tun da lokacin hutun makaranta ne.

Wanda aka haɗa mu da shi mutum ne mai matsakaicin shekaru, da furfura kaɗan a gemu, ba ya gaggawar magana. Mun riƙa ce masa Likita, ya ce shi ba likita ba ne, mai gashin ƙashi ne, amma bakinmu ya riga ya saba. Ya kunna fitilar gashi ya haska a hannun Auta, ya murza, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Duk wannan ana yi, hannun hagu na Auta na riƙe da waya a kan cinyarsa.

A zuwanmu na gaba Likita ya tsaya yana kallonsa na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, kahwaɗunka kullum haka suke, kusa ga kunne?"

Auta ya ce bai lura ba.

"Kuma ka san in wayag ga tay yi ƙara kana ɗauke numhwashi?"

Auta ya dube ni. Ni kuwa na ga dama ta samu, na kwashe labari tun daga farko na gaya wa Likita, har da abokin da ya rasu. Auta bai hana ni ba, ya dai sunkuyar da kai. Na zaci za a sake yi masa wa'azin da ya riga ya ji a gida. Likita bai yi ba. Ya ce ya taɓa samun horo a kan irin wannan, mutanen da wata ɗabi'a ta kama su kamar yadda ƙwaya ke kama wasu, ko caca ce, ko waya, ko wani abu daban. Ya ce sau da yawa mutum ya san abin ba shi da kyau, ya yi niyyar bari da gaske, amma jikinsa ya riga tunaninsa motsawa. Don haka akwai hanyar da ake bi ta jikin. Ya tambayi Auta ko yana so su gwada, ya ce idan ba ya so ba dole.

Auta ya ce, "Mu gwada."

Likita ya jawo ƙaramin tebur, ya ce wa Auta ya kifa wayar a kai, ya zauna a kujera ya cire takalmi, tafin ƙafarsa duka biyu a kan siminti. Bai karɓe wayar ba, bai kuma matsar da ita nesa ba. Ba a daɗe ba ta yi ƙara. Na ga hannun Auta ya zabura, ya tsaya a iska.

"Kak ka yi hwaɗa da shi," in ji Likita. "Gaya min dai, ina kaka jin shi?"

"Cikin kaina."

"Sauko ƙasa kaɗan. Cikin jiki, ina?"

Auta ya shiga nema, kamar mai laluben abu a cikin buhu. Can ya ɗora hannu a ƙasan haƙarƙarinsa. "Nan. Kamar an dunƙule wani abu. Da muƙamuƙina. Da wanga yatsa, shina ƙaiƙayi."

"Madalla. Bar hannunka nan inda kas sa shi. Taka ƙasa da ƙarhi, ka ji sanyin siminti. Ja numhwashi yadda kas saba, amma wurin hitarwa ka ja shi da tsawo, kamar kana hura kunu mai zahi."

Ya yi. Likita ya ce ya juya wuyansa a hankali ya dubi ɗakin, ya faɗi abin da idonsa ya sauka a kai. Auta ya ce taga, ya ce fanka, ya ce Yaya, ya ce wani kalanda da ya tsufa. Sai ƙafafunsa suka kama kyarma, gwiwoyinsa na bugun juna. Na yunƙura zan tashi, Likita ya ɗaga mini hannu alamar in zauna. Ya ce wa Auta ya bar su su yi, jiki ne ke sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi, idan kuma ya ji ya yi masa yawa ya faɗa su tsaya. Kyarmar ta yi ta yi, ta lafa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Rabona da ganin hawayensa tun yana yaro, ko a rasuwar abokin nasa ban gani ba.

"Yanzu ina dunƙulen?" Likita ya tambaya.

Auta ya taɓa wurin. "Shina nan. Amma ya rage."

"Ka duba wayar?"

"A'a."

"To ka gani. Shina tasowa, shi kai ƙarshe, shi sauka da kainai, ko ka duba ko ba ka duba ba. Jikinka bai san haka ba, sai mun koya mai."

A motar dawowa Auta ya yi barci tun kafin mu fita gari, kansa a jikin gilashi, bakinsa a buɗe. Mutumin da ke kusa da shi ya so ya tashe shi don ya danne masa kafaɗa, na roƙe shi ya ƙyale shi.

Daga nan kowane zuwa sai a raba shi biyu, rabi na hannu, rabi na wancan. A gida kuma aka ba shi aikin yi. Likita bai ce ya rabu da waya ba. Ya ce duk lokacin da ya ji abin ya taso, kafin ya taɓa ta, ya fara neman inda yake a jikinsa, ya taka ƙasa, ya fitar da dogon numfashi. Idan bayan nan yana son dubawa, ya duba. Ya ce ya riƙa tafiyar ƙasa da safe ba tare da ita ba, ya kuma riƙa jijjiga hannuwa da kafaɗu idan ya ji sun ɗaure.

Wannan jijjigar ce ta jawo magana. Inna ta leƙo ta gan shi a tsakar gida yana karkaɗa hannuwa kamar zakaran da ya fito daga ruwa, ta koma ɗaki tana dariya tana cewa asibitin zamani ya mayar mata da ɗa ɗan tauri. Baffa kuwa bai yi dariya ba. Ya kira ni ya tambaye ni ko wannan abu ba shi da alaƙa da bautar wasu mutane, don ya ji ana cewa akwai masu zaman numfashi irin na addininsu. Na ce ban ga an ambaci kowa ba, ban ga an kira wani abu ba, amma ya kira Auta ya gwada masa ya gani da idonsa. Auta ya zo zaure ya yi komai a gabansa. Baffa ya kalla har ƙarshe, yana jan gemu.

"Wanga ai natsuwa ta," ya ce. "Ita muka hwaɗa maku kullum cikin salla, kowace gaɓa ta koma wurinta kahin a ɗaga. Ku ka yi kamar kaza na cin tsaba." Sannan ya ƙara da cewa, "In za ka yi arwalla, yi ta sannu, ka ji ruwan ga jikinka. Ka haɗa da wancan."

Da Auta ya gaya wa Likita, ya ce Baffa ya yi daidai, ruwan sanyi a fuska da wuya na taimakawa sosai.

Na riƙa zuwa da la'asar ina zama da shi a ƙarƙashin dalbejiyar gidanmu, wayar a kife tsakaninmu. Wasu ranakun yana iyawa, wasu ranakun kafin in ƙifta ido ta riga ta koma hannunsa. Idan hakan ta faru na koyi yin shiru. Da can nakan yi masa faɗa, sai na lura faɗan na ƙara ɗaga masa kafaɗu ne kawai.

Da hannun ya yi ƙwari, Likita ya ce yana son ya sami aikin da zai cinye hannu biyu da ƙafa biyu, aiki mai nauyi wanda ake yi da mutane. Lokacin dashen albasa ya kama, kuma Kawu, wan Inna, yana da lambu a Rimawa. Auta ya ɗauki hutu a ofis ya tafi.

Na kai masa ziyara wata Juma'a tare da matarsa da 'yarsa. Muka same shi a fadama, wandonsa a naɗe har gwiwa, ƙafafunsa sun nutse a laka, yana tsugune a bakin fangali yana soka 'yan albasa ɗaya bayan ɗaya. Injin ban-ruwa na ta ƙara, ruwa na bin hanyarsa yana cika fangali bayan fangali. Shi da ya shekara yana koya wa manoma tazarar dashe a tsaye da takalmi, ga shi yau bayansa na ciwo kamar na kowa. Ya yi baƙi, amma wuyansa ya miƙe.

Kawu mutum ne mai ban dariya. Ya nuna mana wata tsamiya a can kan tudu, ya ce duk lambun nan babu inda sabis ɗin waya ke kamawa sai ƙarƙashinta. "Kwanakin hwarko," in ji shi, "in nib biɗe shi ban gane shi ba, can nika hango shi tsaye kamar mai jiran aljani. Sai in ƙyale shi. Shi tahi, shi komo. Yanzu tahiyar ta hwara yi mai nisa."

Auta ya yi dariya, ya ce gaskiya ne. Ya ce abin da ya gano shi ne, idan ya ji dunƙulen ya taso ya kama hanyar tsamiya, sau da yawa kafin ya kai ya riga ya sauka, sai ya tsaya yana tunanin me ma ya zo yi. Da rana idan an tashi aiki sukan gangara gulbi shi da 'ya'yan Kawu su yi wanka. Ya ce idan ya shiga ruwan har wuya, sanyin ya kama shi, babu abin da ke saura a kansa. Ranar ya cinye tuwon dawa da miyar kuka har ya nemi ƙari, matarsa na kallonsa tana murmushi a ɓoye. Da za mu tafi ya ɗauki 'yarsa ya ɗora a wuya ya raka mu har bakin hanya, lakar hannunsa duk ta ɓata mata riga.

Ya dawo Wurno da ƙarfinsa, muka ce an gama. Ba a gama ba. Bayan ya koma aiki da 'yan makonni aka sake kai hari wani ƙauye na Rabah, aka kwashe mutane. Hotuna suka cika wayoyi. Auta ya shige ɗaki ya koma gidan jiya, ba ci, ba magana, ba ofis. Da na je ya ƙi haɗa ido da ni. Ranar komawa asibiti ta zo ya ce ba zai je ba.

"Da wane ido za ni dubin mutumin ga, Yaya? Dut wahalar da yay yi ta tahi banza."

Na ce ko don hannun ya kamata ya je. Da ƙyar ya shirya.

Likita ya saurare shi har ya gama, bai nuna mamaki ba. Ya tambaye shi, a cikin waɗannan kwanaki, ko akwai lokacin da ya lura da jikinsa ko sau ɗaya. Auta ya ce ya lura, ya ji dunƙulen, ya san abin da ya kamata ya yi, bai dai yi ba.

"Da can ka san shina nan?"

"A'a."

"To ba wurin da kat taso kak koma ba."

Sannan ya gaya masa gaskiya cewa akwai abin da ya fi ƙarfin aikinsa. Ya ce jiki ya fara sakewa, amma maganar abokin nan tana bukatar wanda ya san aikin zama da mutum a yi magana, kuma akwai wata ma'aikaciya a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da suke aiki tare. Da Auta ya ji sunan sashen ya ɓata fuska, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Likita ya ce ya sani, kuma mafi yawan masu zuwa wurin ba mahaukata ba ne, mutane ne da suka ga abin da ya fi ƙarfin zuciya. Ya tashi da kansa ya raka mu har ƙofar ofishinta.

Ban shiga wannan zaman ba, kuma ban taɓa tambayarsa abin da suke faɗa ba. Abin da na sani shi ne bayan wani lokaci ya ce in raka shi cikin garin Rabah, inda mahaifin abokinsa ya koma da zama da sauran iyalinsa a gidan wani ɗan'uwansu. Tun ranar ta'aziyya Auta bai ƙara yarda sun haɗu ba. Muka sami tsohon a ƙofar gida yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa Auta ya zauna a ƙasa kusa da shi, na ga ya kafa tafin ƙafarsa, ya fitar da dogon numfashi, sannan ya gaya masa maganar saƙon da bai ji ba sai da safe.

Tsohon bai daina tufka ba. Ya ce, "Ɗana, ba kai ɗai yak kira ba. Ya kira mutane da yawa, wasu sun ji a lokacin, sun yi abin da suka iyawa, abin bai hanu ba. Ni abin da yad dame ni, ka bar zuwa. Shi ya tahi, kai ma ka tahi."

Tsohon ya kira jikokinsa suka zo suka gaishe mu, ya ce gero irin wanda Auta ya kawo musu ya yi kyau a shekarar, sai dai ba su samu sun girbe duka ba. Ya ce an ba shi aron 'yar gona a bayan gari, idan da hali yana son irin. Auta ya ce zai kawo da kansa. Ya kuwa kai, kuma tun daga nan duk ranar kasuwa sai ya biya.

Yanzu yana aikinsa. Wayar na nan, babbar, don aikin ma ba ya yiwuwa sai da ita. Ya fita daga yawancin zaurukan nan, ya bar guda na ma'aikatansu, ya kuma yi magana da mutum biyu da ya amince da su cewa idan wani abu ya faru da gaske su kira shi kira, kada su turo hoto. Idan zai hau babur yana sa ta a cikin jaka ya ɗaure a baya. Akwai ranakun da take rinjayarsa har yanzu, musamman idan gari ya ɗauki zafi, matarsa takan gaya mini. Bambancin shi ne yanzu kwana ɗaya ne ko biyu, kuma shi ke fara cewa, "Abin ya taso," ya cire takalmi ya fita tsakar gida. Hannun dama bai koma daidai ba sarai, ƙaramin yatsan ba ya lanƙwashewa duka, amma yana riƙe fartanya.

Kwanan baya ina gidan da safe, ranar da babu makaranta, ina taya Inna tsince wake, sai aka yi sallama. Wani abokin aikin Auta ne, dattijo mai iyali wanda ya girme shi nesa, ya zo tun daga Rabah. Suka zauna a zaure, kuma da yake muryar mutumin na da ƙarfi, ba da niyya ba muka ji abin da ya kawo shi. Cacar ƙwallo ce ta waya ta kama shi. Ya yi rantsuwa ya karya, ya sake yi ya karya, har ya fara jin kunyar ɗaga hannu ya roƙi Allah a kan abin. Ya ce ya ga yadda Auta ya kasance da yadda ya koma, shi ya sa ya zo.

Na ji Auta ya ce masa shi ba likita ba ne, amma ya san inda za su je, kuma zai raka shi ranar da ya shirya. Sai ya tambaye shi ko ya karya kumallo. Mutumin ya ce bai iya cin komai ba.

Auta ya shigo ya ce wa matarsa ta dama kunu ta ajiye musu, za su taka zuwa bakin fadama su dawo. Ya zaro wayarsa ya miƙa wa Inna, ya koma zaure, ya dawo da ta baƙon ita ma ya miƙa mata. Inna ta rasa inda za ta sa su, ta tura su ƙarƙashin faifan da ke gefenta. Na leƙa ta ƙofar zaure na ga sun kama hanya, dattijon na gaba da sauri kamar wanda ake kora, Auta na bayansa yana ce masa ya rage sauri, babu inda za su makara.